Ƙafar da ke Kai Kwano

A Diffa, Disamba wata ne mai hidima. Kogin Komadugu yana cike, tattasai ya fara ja a gonakin bakin ruwa, hunturu ya sauko da hazonsa har da safe mutum ba ya hango tsallaken Najeriya. Ranar 18 ga wata a yi bikin Jamhuriya, ƴan lakwal su samu hutu, ma'aikata su fara sa ido kan albashi. A 2021 garin ne ma ya karɓi babban bikin na ƙasa, wanda aka yi wa laƙabi da Diffa N'Glaa, a ƙarshen 2022 kuma ƴan kokawar jihohi takwas suka taru nan neman takobi, Issaka Issaka na Dosso ya tafi da shi. Cikin wannan hada-hada akwai wata ranar hutu da yawancin mutanen gari ba sa tunawa da ita sai sun ji sallamar yaro a ƙofar gida. Ranar 25 ce, Kirsimeti, ko Nowel a bakin waɗanda suka yi lakwal.

Kiristoci a Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, haka ƙidayar 2012 ta nuna, a ƙasar Manga kuwa, wato yankin Diffa, sai an tona. Galibinsu aiki ne ya kawo su: malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, sojoji da jandarmomi, ƴan kasuwa daga kudancin Najeriya, masu sana'ar hannu daga Benin da Togo da Chadi, sai waɗanda rikicin Borno ya koro. Ƴan Katolikan garin ma bishop ɗinsu a Maradi yake tun 2001, Maradi kuwa tafiyar yini ce cur. Saboda haka in an ce dangi za su taru a gidan Kirista a Diffa, ba maganar tsallaka titi ake yi ba. Daga Yamai kilomita sama da 1,300 ne. Mai tahowa zai wuce Dosso, Dogondutsi, Birnin Ƙonni, Maradi, Damagaram, sannan ya kama hanyar Gure da Gudumariya da Maine Sorowa, inda rairayi ke hawa kwalta. Duk wanda ya taɓa riƙe ɗan shekara biyu a cinya cikin bas tsawon wannan hanya ya san ba ƙaramin so ne ke sa a sake ba.

Ina da gwaggo a garin. Asalinmu ƙasar Gobir ne, wajen Tsibiri, inda ƴan mishan na SIM suka daɗe da zama, kuma a can ba abin mamaki ba ne ka ga gida ɗaya ya rabu, wasu na masallaci wasu na majami'a. Mahaifinta da kakana uwa ɗaya uba ɗaya suke. Shi ya shiga makarantar mishan ya zama Kirista, kakana ya tsaya kan allonsa, ba su kuma fasa cin tuwo a akushi ɗaya ba har ƙasa ta rufe musu ido. Aikin koyarwa ne ya kawo maigidan Gwaggo gabas tun suna sabon aure, a nan ya yi ritaya, a nan suka gina gida. Ƴaƴansu sun watsu: akwai na Yamai, akwai na Maradi, ƴar autar tana aure a Maiduguri. Disamba ce kaɗai ke tara su. Mu na ɓangaren masallaci in hali ya yi mukan je, su ma ba a rasa su a gidajenmu ranar Layya.

Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne yadda gida mai ɗaki uku ke haɗiye mutum ashirin da ɗoriya. Maza su kwana a zaure, mata da jarirai a ɗakin Gwaggo, sauran yara a jera su kan tabarmi a falo, manya gefe da gefe, ƙanana a tsakiya saboda sanyin asuba. Daren farko ba a barci. Ɗan Yamai ya zo da Zabarmanci da Faransanci, ƴar Maiduguri da Turancinta, na Maradi da tsiwarsu, na gida kuwa kallon kowa suke a matsayin wanda ya zo ƙwace musu bargo. Sai an yi kuka, an yi "Kaka, kin ga wane ko?", an yi barazanar komawa gida da ƙafa. Dare na biyu in ka leƙa za ka tarar ƙafar wannan na kan wuyan wancan, barguna uku sun koma ɗaya, Hausa ta zama ta kowa. Da safe akan sami tabarma guda a jiƙe. Gwaggo ba ta taɓa tambayar wanda ya yi ba. Ta naɗe ta, ta kai bayan ɗaki, ta watsa mata ruwa, ta shanya, sannan ta sanar cewa raɓa ce ta shigo ta taga. Raɓa a tsakiyar hunturu! Manyan yaran sun san ba haka ba ne, amma tun da Kaka ta ce raɓa, to raɓa ce, wanda ya yi kuma ya tsira da mutuncinsa a gaban taubasansa, waɗanda da sun samu wannan makami sai ya yi gemu suna tuna masa.

Ba zan ce iyayen yaran suna jin daɗin wannan duka ba. Matar ɗan Gwaggo na Yamai ma'aikaciyar lafiya ce, ɗanta yana da lokacin barci, da lokacin cin abinci, da abin da ba ya ci. Kwana biyu a Diffa duk wannan ya rushe. Kaka ta ɗura masa alewa kafin karin kumallo, Baba Tsoho, maigidan Gwaggo, ya saɓa shi a kafaɗa ya fita da shi cikin hazo ba hula, yaro ya dawo da majina da tsagaggen leɓe. In uwar ta yi magana Gwaggo ta ce, "Ke, bar mini mijina, tsakanina da shi ne." Shari'ar jika da kaka ke nan, ba ta da ɗaukaka ƙara. A ganina uwar tana da gaskiya a wurare da dama. Kula da ruwan sha, da gidan sauro, da hana yara dosar kogi lokacin da yake cike, waɗannan ba iyayi ba ne. Kuɗin mota ma ba wasa ba ne, ga ɗinkin yara, ga tsaraba, ga Janairu na jira da nasa buƙatun. Na sha jin wani cikinsu yana cewa baɗi manya kaɗai za su zo, a bar yara a gida kowa ya huta. A nan ne muke raba hanya da su, domin wanda ya zo Kirsimeti Diffa ba yara, cin shinkafa kawai ya zo. Babban aikin ranar ba a hannun manya yake ba.

Tun kafin kiran assalatu ake hura wuta. Bunsurun da za a ci, tun jajibere mahaucin unguwa, Musulmi, ya zo ya yanka shi da bismilla. Tsohuwar ƙa'ida ce a gidan, don kada maƙwabci ya yi shakkar abin da aka kawo masa. Tukwane biyu ake ɗorawa, manya, irin na biki. Shinkafa ta bakin Komadugu in an samu, in ba a samu ba ta kanti. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne tattasai. Busasshen tattasan nan da ake yi wa kirari da jan zinaren Manga, shi ake lodawa a manyan motoci zuwa kasuwannin Najeriya, kuma matar da ta shekara da shekaru a garin nan ba za ta yarda a ce miyarta ba ta yi ja ba. A daka shi a turmi, gida ya ɗauki atishawa, yara su ruga waje su dawo. Da hantsi a yi musu wanka da ruwan ɗumi, a mulke su da man kaɗanya har su yi ƙyalli, a saka musu anko, a tafi majami'a. Mu da ba ma zuwa, mu ne masu gadin tukunya.

Bayan an taso, kafin kowa ya sa loma a baki, Gwaggo takan zauna kan ƴar kujerarta a bakin murhu, a jera mata langogi da kuloli, wasu nata wasu na aro. Ita ke zubawa da hannunta, ita ke ɗora nama, ita ke rufewa. Sannan ta fara kira. Ba ta tura yaro shi kaɗai, ba ta kuma haɗa ƴan ɗaki ɗaya. Babba da ƙarami take haɗawa, ɗan gari da baƙo: na gari ya nuna hanya, baƙo ya ɗauki kwano.

"Zo nan, kishiya. Ke da wannan maigidan nawa, gidan Hajiya mai turare za ku. In kun je ku yi sallama, ku jira a amsa. Ku durƙusa. Ku ce in ji Kaka, ga abin Kirsimeti, a sa albarka. Kai kuma in ta tambaye ka ɗan wa ne, ka faɗi sunan ubanka, ta san shi tun yana yawo ba wando."

"Kaka, in ta yi mini Barbarci fa?"

"Ka ce wushe, ka yi dariya, sauran ƴar'uwarka ta amsa. Kuma kada a buɗe a hanya, na ƙirga naman."

Ba ta ƙirga ba, amma maganar tana aiki.

Jerin gidajen nan ba a rubuce yake ba, a kanta yake, kuma in ka bi shi daki-daki ka karanta tarihin zamanta a garin. Akwai Hajiya mai turare, Babarbariyar da ta yi mata wankan jego a haihuwar fari, lokacin da ba ta da kowa nata a nan. Akwai Bafulatanar da ta daɗe tana kawo nono, yanzu ta tsufa ƴarta ke kawowa. Akwai gidan mahaucin, akwai tsohon mai gadin lakwal, akwai wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ɗanta kuma yana can wajen rijiyoyin mai na Agadem. Akwai wani manomin tattasai da ya baro Bosso da iyalinsa bayan harin 3 ga Yunin 2016, ya kafa bukka a wani kango bayan gidansu. Shekarar farko ƙaramar langa aka kai masa. Da Gwaggo ta ji yawan yaran da ke cikin bukkar, sai ta mayar da shi sahun masu babbar kula. Akwai kuma gida ɗaya da maigidan ya aiko tun tuni, cikin ladabi, cewa shi ba ya cin abincin wannan rana. Muhawara ce da malamai ke yi duk Disamba, a rediyo da WhatsApp, kuma raba ta ba aikina ba ne. Abin da na gani shi ne, Gwaggo ba ta yi fushi ba, ba ta kuma goge gidan ba. Takan tura yaran hannu rabbana su gaishe shi, sai bayan mako guda, ranar da ba ta kowa ba, ta aika wa matarsa ɗanyar shinkafa da tattasai. Ranar Layya kuwa cinyar ragonsa ba ta taɓa fashin zuwa ba.

Kwano ba ya dawowa wofi. Wani da dabinon Gudumariya, wani da ƙullin turaren wuta na Kaka, wani da ɗan banda, wani da gyaɗa. Sai kuɗi. A Diffa kuɗi biyu ke yawo a kasuwa ɗaya, sefa da naira, don haka yaro kan dawo da dala ashirin a aljihun dama, tsohuwar naira ɗari a na hagu. Da la'asar kasuwar canji ta buɗe a gindin dogon yaro. Ƴan gari, da suka san faɗuwar naira tun ba su iya karatu ba, su yi ta yi wa ɗan Yamai wayo, suna ba shi takarda suna karɓe ƙarfe, shi kuwa yana washe baki ya samu kuɗin manya. Sai babbar yayarsu ta zo ta warware cinikin da ranƙwashi. Daga nan a koma kokawa a rairayin tsakar gida, kowa ya ce shi ne Issaka, a rasa wanda zai yarda a kayar. In lokacin salla ya yi, butar da Gwaggo ke ajiye wa danginta Musulmi tana nan cike, tabarmar ma daban take, a saman kwaba, raɓa ba ta taɓa ta. Wani ɗan jika da bai fi shekara huɗu ba ya naɗa kansa dogari, ya tsaya ya ware hannu yana hana ƴan'uwansa giftawa ta gabana. Ba wanda ya sa shi, gani ya yi ana yi.

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, amma ba a cika faɗin ƙafar wa ba. In ka lura, a kowace unguwa ƙafar yara ce. Babba yana da kunya, yana da lissafi, yana riƙe da wanda bai zo masa gaisuwar mutuwa ba. Namiji baligi iyakarsa zaure a gidan mutane, matar aure ba ta fita sai da dalili. Yaro kuwa har ƙuryar ɗaki yake shiga, ya ga tsohuwar da ke kwance ba lafiya, ya ga murhun da ba a hura ba, ya dawo ya faɗa bai san rahoto ya kawo ba. Da yawan abin da Gwaggo ta sani na halin da maƙwabtanta ke ciki, daga bakin masu kai kwano ta ji. Shi kuma yaron a yini ɗaya ya koyi abin da ba ya cikin littafin lakwal: yadda ake shiga gidan da ba a yin addininka ko yarenka, inda ake tuɓe takalmi, yadda ake karɓar kyauta da hannu biyu, da cewa a wani lungu akwai tsohuwar da ta san ubansa, ta kuma ɗauke shi nata. Ɗan Musulmin da ya karɓi langar a ƙofa shi ma ya koyi nasa. Kirista a wurinsa ba labarin waya ba ne, wane ne jikan Kaka, wanda ya kayar jiya a kokawa.

An gwada wannan zumunci a 2015. Ranar 16 ga Janairu aka ƙona majami'u a Damagaram, washegari a Yamai, cikin zanga-zangar zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, mutum 10 suka mutu. Mako uku bayan haka, ranar 6 ga Fabrairu, Boko Haram ta kawo hari Bosso da Diffa. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka hana fitar dare, aka dakatar da cinikin tattasai da na kifi don toshe wa maharan hanyar kuɗi. Garin da ke ci da kabu-kabu da tattasai ya tsaya cik. Dubban mutane suka nufi Damagaram, su Gwaggo na ciki, duk da can ma toka ba ta gama hucewa ba. Makullin gida a hannun Hajiya mai turare aka bar shi. Wanda ya riƙa kwana a zauren yana ba awaki ruwa har suka dawo, ɗanta ne, saurayin da tun yana ɗan mitsitsi shi ke fitowa da gudu ya karɓi langa. Ba wanda ya roƙe shi. Da Baba Tsoho ya shiga yi masa godiya, cewa ya yi, "Haba Baba, gidanmu ne fa."

Bikin shekarun da suka biyo baya ya ƙanƙance. Addu'ar daren Kirsimeti ta koma ta la'asar, na nesa suka daina zuwa. Ƴar Maiduguri, da a da takan biyo ta Damasak ta tsallako, sai dai ta yi zagaye ta Kano da Damagaram, ko ta haƙura. Jikokin da aka haifa a wannan tsakani sun tasa ba su san ƙofar Hajiya ba. Gwaggo ba ta fasa dafawa ba, ƙafafu ta rasa. Wata shekarar ƴaƴan maƙwabta Musulmi ta aro suka rarraba mata.

Ruwan da ke cika Komadugu a Disamba ba a Diffa ya sauka ba. Ruwan daminar ƙasar Kano ne da tsaunukan Jos, wanda ya bi kogin Haɗeja da na Jama'are, wani ya ratsa madatsun Tiga da Challawa, ya yi ta jinkiri a fadamun Haɗeja da Nguru, ya wuce Gashuwa da Gaidam, sai bayan sama ta daɗe da ɗaukewa ya iso. Manomin tattasai da daminar wata ƙasa yake ban-ruwa, wadda aka yi watanni da suka wuce. Haka abin da aka zuba wa yaro yake, ba ranar ake ganinsa ba, kuma ba lalle a inda aka zuba ba. Amma kada a ɗauka cewa nake shinkafa tana kashe wuta. Garuruwan da aka yi ƙone-ƙone su ma ana kai kwano a cikinsu, kuma mai bindigar da ya tsallako kogi da dare ba ya tambayar wa ya ci abincin wa. A Tumur, daren 12 ga Disamban 2020, an kashe mutum sama da 20, aka ƙona kasuwa da ɗaruruwan gidaje, kuma mafi yawan waɗanda rikicin nan ya ci a kwarin Komadugu Musulmi ne. Abin da kwano ke iya yi ƙarami ne: ya sa in rana ta ɓaci akwai ƙofar da za ka ƙwanƙwasa a gane muryarka.

Yaran ma ba duka ne ke zuwa da wasa a ciki ba. Wata shekara an hura balan-balan an rataya a rumfa, ɗaya ta fashe. Yaran Yamai suka kwashe da dariya. Ƙaramar ƴar manomin Bosso, da ta biyo masu kai kwano don ta ga gidan, sai gani aka yi ta shige ƙarƙashin gadon Gwaggo, ta toshe kunnuwa, ba kuka ba magana. Ba babba ne ya fito da ita ba. Wata jika ce sa'arta ta rarrafa ta shiga da cincin a hannu, ta kwanta kusa da ita, suka yi ta ci a can har suka fito da kansu. Tun daga ranar ba a ƙara kawo balan-balan ko wani abin fashewa gidan ba, ba kuma taro aka yi aka yanke haka ba. In yaran majami'a na wasan kwaikwayon haihuwar Almasihu, da tafiyar ƙidaya zuwa Baitalami, da rasa masauki, da gudu zuwa Masar da jariri cikin dare, a wasu garuruwan sai an tsaya an yi wa yara bayanin mene ne gudun hijira. A jihar da ta ɗauki mutum sama da 200,000 da rikici ya raba da gidajensu, wasu a sansanin Sayam Forage, mafi yawa a bukkokin gefen hanya da gidajen jama'a, ba a buƙatar wannan bayani.

Abin da ke damuna yanzu ba tsaro kaɗai ba ne. An ɗage haramcin tattasai da na kifi, dangi sun fara dawowa, sai dai sun dawo da sabuwar dabara. Mai hali ya tura kuɗi ta kamfanin aike ya ce a yi wa Kaka cefane, a yi kiran bidiyo a ɗaga wa juna hannu, shi ke nan an yi Kirsimeti. Wanda ya zo da yaran kuma, sai ya miƙa musu waya su kwanta a falo, ya kira mai taksi ya loda masa kuloli ya ce ya zaga da su, wai ya fi sauri, wai kada ƙura ta bugi yara. Ya fi sauri, gaskiya ne, abinci ya isa da zafinsa. Amma mai taksi ba ya durƙusawa, ba wanda zai tambaye shi ɗan wa ne, ba kuma za a ba shi turaren wuta ya kai wa Kaka ba. Mu na ɓangaren masallaci kada mu yi dariya, don tuwon Salla da naman Layya sun fara bin wannan hanya a Maradi da Kano, yawon Salla kuma yana neman komawa zuwa wurin shan askirim.

Gwaggo ta tsufa, idonta ya fara rauni, jerin gidajen kuma har yanzu a kanta kaɗai yake. Ƴaƴanta sun san rabi. Waɗanda suka san shi duka, lungu-lungu, jikokin da suka taka da ƙafarsu ne. Don haka masu shirin tahowa bana, ku zo da yaran, ko da kuka za su yi daga Dosso har Maine. Ku zo da gidan sauro da rigunan sanyi da man shafawa. A tura su tun da sauran rana, biyu-biyu, babba da ƙarami, cikin unguwa, kada a doshi bakin kogi, kowa ya dawo kafin magariba. Mu kuma da za a yi wa sallama ranar 25 ga wata, a amsa wa yaron da fara'a, a tambaye shi ɗan wa ne. Mai karɓa ya juye ya wanke kwanon, ya saka ko da dabino uku ne, ya mayar a ranar, don galibi na aro ne, mai shi na jira. Wanda kuma ba zai karɓa ba, wannan haƙƙinsa ne, amma ya fito da kansa ya faɗa wa yaron da lafazin da zai iya maimaitawa a gaban kakarsa.